Alamomi 148 daga Kwara zuwa tafkin Chadi: yadda aka dasa iyakar Najeriya da Nijar a ƙasa

Tsakanin 1906 da 1908 wata tawagar haɗin gwiwa ta sojojin Ingila da na Faransa ta taso daga bakin kogin Kwara ta nufi gabas, tana kafa alamomi a kan hanyoyin ƙafa da na ayari, har ta kai gaɓar tafkin Chadi. Manjo O'Shee na rundunar injiniyoyi shi ke gaban ɓangaren Ingila, Kyaftin Jean Tilho kuma shi ke gaban na Faransa. Da suka gama, alama 148 suka bari a baya, kowace da lambarta. Waɗannan su ne har gobe tushen iyakar Najeriya da Nijar mai tsawon kimanin kilomita 1,500. Shingen kwastan na Illela, rumfar jami'an shige da fice ta Maigatari, takardar da jandarma zai nema a Ɗan Isa, duk a kansu suka jingina, ko da ma'aikacin da ke zaune a wurin bai taɓa sa ido a kan ko guda ba.

In aka tayar da zancen iyakar nan a majalisa, abin da aka fi ji shi ne Turawa sun zauna a Balin sun ɗauko rula sun tsaga ƙasar Hausa biyu. Taron Balin na 1884 zuwa 1885 bai ja wannan layi ba. Sai da aka yi yarjejeniya huɗu cikin shekara 16 kafin a tsayar da shi, kuma a ƙarshe rijiyoyi da hanyoyin fatake da tsoffin yaƙe-yaƙen kakanninmu sun fi rula tasiri a kansa. Wannan bai wanke Bature ba. Amma wanda ke son gane dalilin da ya sa iyakar ta zauna lafiya a wasu wurare, ta kuma zama ciwon kai a wasu, sai ya fara da alamomin kansu.

Abin da aka kafa

Wanda ya ji an ce alamar iyakar ƙasa da ƙasa zai zaci wani ƙaton dutse ne sassaƙaƙƙe da ko giwa ba ta ture shi. Takardar da gwamnatocin biyu suka amince da ita a Landan ranar 19 ga Fabrairu 1910 ta nuna akasin haka. Iri biyar ta lissafa, kowane iri kuma yana nuna abin da masu aikin suka samu a hannu a inda suka tsaya.

Inda akwai duwatsu, sai a jera su tsibi mai tsini ba tare da kwaɓi ba, a shafe kan da siminti, a manna farantin lamba. Inda babu dutse, sai a kafa turaku biyar na dangin giginya, huɗu a kewaye ɗaya a tsakiya, a kafe farantin a jikin na tsakiyan. Wani wurin kuma rabin saman turken wayar tangaraho ne na ƙarfe, irin wanda gwamnatin Arewa ke amfani da shi a lokacin, tsawonsa ƙafa 15, a binne ƙafa huɗu ko biyar, farantin yana can ƙololuwa. Akwai inda gindin turken kaɗai aka sa, guntun ƙarfen zubi mai ƙafa biyar, aka kife shi tsininsa na kallon sama, farantin kuwa aka buga shi a wata bishiya da ke kusa. Na biyar shi ya fi ba ni mamaki: bishiya ce tsurarta. A sare rassanta na ƙasa, a share kewayenta, a buga faranti a sama inda hannu ba ya kaiwa, a ce ga iyakar daular Ingila da ta Faransa. Ko waɗanda suka buga ƙusar sun san bishiya tana mutuwa, sun kuma san mai neman itacen girki ba ya tambayar lambarta.

Farantin ƙarfe ne mai launi uku, an yi masa rufin fenti mai ƙyalli irin na langa, girmansa inci 8 da inci 6. Rubutun da ke kai gajere ne: kalmar shata iyaka, shekarar 1907, sai lambar alamar. Babu sunan sarki, babu sunan gari, babu ko harafi ɗaya na ajami, alhali ajami da Larabci su ne rubutun da malaman ƙauyukan suka iya. Makarantar boko ta Ɗan Hausa a Kano ma sai a 1909 aka buɗe ta. Ke nan rubutun ba don mai gonar da aka kafa turken a cikinta aka yi shi ba. Saƙo ne daga Di'o zuwa kumandan, daga kumandan zuwa Di'o: hurumina ya tsaya nan, naka ya fara.

Tare da alamomin akwai jadawali, kuma a gaskiya iyakar a cikin jadawalin take zaune, alamar shaida ce kawai. Yana faɗin irin kowace alama, da hanyar da take kai, da nisanta daga gari kaza ko ƙauye kaza. Daga wannan alama zuwa ta gaba miƙaƙƙen layi ne. In aka raba tsawon iyakar da yawan alamomin, tsakanin kowace biyu ya kusa kilomita goma. Mutum ba zai tsaya a gindin ɗaya ya hango ɗayar ba. A 1907 wannan bai dami kowa ba, don galibin abin da ke tsakani daji ne. Rikicin da ake fama da shi yau daga nan ya samo asali, za mu kuma dawo kansa.

Layukan da aka ja kafin a ga ƙasar

Na farko shi ne na 5 ga Agusta 1890. Ingila da Faransa suka ce iyakarsu za ta tashi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Chadi, a lanƙwasa ta yadda duk abin da yake haƙƙin daular Sakkwato ne zai faɗa hannun Kamfanin Neja na George Goldie. Ina haƙƙin Sakkwato ya tsaya? Babu wanda ya sani cikin masu sa hannun. Firaministan Ingila na lokacin, Lord Salisbury, da bakinsa ya yi ba'a a wannan shekarar cewa suna ta yi wa juna kyautar duwatsu da koguna da tafkuna, matsalar kawai ita ce ba su san inda abubuwan suke ba. A ranar babu sojan Ingila ko na Faransa ko ɗaya a Sakkwato ko Katsina ko Damagaram.

Faransa ta tura wani hafsan sojanta, Monteil, ya bi layin ya gani da idonsa. Ya ratsa Sakkwato da Kano a 1891, ya isa Kukawa a 1892, ya koma gida da labarin da ya yi wa gwamnatinsa daɗi: akwai ƙasashe da dama da Ingila ke lissafawa cikin daular Sakkwato waɗanda ba sa bin Sarkin Musulmi, wasunsu ma yaƙarsa suke yi.

Sai yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, wadda ita ce ta cancanci zargin rula. Aka kafa ƙafar kamfas a tsakiyar birnin Sakkwato aka zana baka mai nisan mil 100, wato kilomita 160 da 'yan kai. Daga ƙarshen bakan layi ya bi layin taswira na digiri 14 arewa da ikwaita ya yi gabas mil 70, ya gangaro kudu zuwa digiri 13 da minti 20, ya sake miƙewa gabas mil 250. Duk wanda ya ɗauki taswira ya auna zai ga abin da wannan ke nufi. Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Tsibiri, Maradi da Magarya duk sun faɗo ɓangaren Ingila. Da wannan layi ya tsaya, da yau Bamaraɗe fasfo ɗin Najeriya yake riƙe da shi.

Abin da ya hana shi tsayawa ruwa ne. Faransa tana son hanya daga Kwara zuwa Damagaram, daga can zuwa Chadi, don ta haɗe yankunanta. Bakan Sakkwato ya tura wannan hanya arewa, cikin ƙasar da ayari zai yi kwanaki bai ga rijiya ba. Rundunar Faransa ta 1899 ƙarƙashin Voulet da Chanoine ba ta ko kula da bakan ba, ta kutsa cikinsa tana ƙone garuruwa, ta fafata da mutanen Sarauniya a Lugu, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, wanda a takarda yankin Ingila ne. Ingila ba ta da ko mutum ɗaya a wurin da zai ce musu kanzil. Bayan Faransa ta kama Zindar a wannan shekarar, jami'anta suka ga ba su iya kai abinci da harsashi can sai sun roƙi izinin ratsa ƙasar Ingila. Tawagar awo ta farko, ta Laftanar-Kanar Elliot da Kyaftin Moll, da ta yi aiki a 1903 da 1904, ta dawo da taswirar da ta nuna wa kowa inda rijiyoyin suke. A daidai lokacin ne kuma sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato.

Gyaran ya zo ne ta wata ƙofa da ba wanda zai yi tsammani. Ranar 8 ga Afrilu 1904 ƙasashen biyu suka yi babban sulhu kan rigingimunsu na duniya baki ɗaya. Cikinsu akwai wani tsohon haƙƙi da masuntan Faransa ke da shi na kamun kifi da shanya shi a gaɓar tsibirin Newfoundland, can gefen Kanada. Faransa ta saki wannan haƙƙi, aka biya ta da tsibiran Los da ke gaban Konakiri, da wani yanki a bakin kogin Gambiya, da kuma matso da iyakar Kwara zuwa Chadi kudu don ta samu hanya mai ruwa. Busasshen kifin wata gaɓa mai ƙanƙara yana cikin abin da ya sa 'yan makarantar Maradi ke karatu da Faransanci. Da wannan gyara da wanda ya biyo baya a yarjejeniyar Landan ta 29 ga Mayu 1906, garuruwan nan da muka lissafa duk suka koma hannun Faransa. Yarjejeniyar 1906 ita O'Shee da Tilho suka fito su dasa a ƙasa.

Iyakar da Turawan suka tarar

Akwai wani sharaɗi a takardar 1904 da ba a cika ambatonsa ba. Ta ce wajen shata layin a lura da yadda ƙasashen suke a rabe a lokacin, mutanen Tasawa da Maradi da Zindar a bar wa Faransa su gwargwadon iko, na ɓangaren Ingila a bar wa Ingila. Ba tausayin talaka ya kawo wannan ba. Mai mulki da sojoji ƙalilan ya fi son ya karɓi sarki da jama'arsa dunƙule, don haraji ya zo ba gardama. Amma sharaɗin ya tilasta wa masu awon su tambaya, tambayar kuwa ta kai su ga tarihin shekara ɗari da suka wuce.

Bayan jihadin da ya fara a 1804, sarakunan Haɓe da aka kora ba su ɓace ba, arewa suka yi. Zuriyar sarakunan Katsina, ƙarƙashin Ɗan Kasawa, suka kafu a Maradi wajen 1819, shi ya sa har yau sarautar can Sarkin Katsina ake ce mata. Gobirawa, bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 da kashin da suka sha a Gawakuke a 1836, suka kafa Tsibiri, ɗan taƙi kaɗan daga Maradi. Daga waɗannan garuruwa biyu aka yi ta kai hari ƙasar Katsina da Zamfara shekara da shekaru, sunan Ɗan Baskore kaɗai ya isa ya tayar da ƙauye. A gabas kuma Damagaram ta yi ƙarfi zamanin Tanimu, ta mallaki bindigogi da igwa, daga baya Ahmadu Kuren Daga ya kai yaƙi har kusa da Kano. Sakkwato ta amsa da ribaɗoɗi irin su Wurno.

To, iyaka tana nan tun kafin Bature. Sai dai ba layi ba ce, daji ce. Tsakanin masu gaba da juna akwai faffaɗan jeji da yaƙi ya kore mutanensa, kufai bayan kufai, wanda fatake ba sa shiga sai sun taru da yawa sun nemi rakiya. Dajin Rubu da ke yamma da Katsina misali ne. Mulki kuma a kan mutane yake, ba a kan taku na ƙasa ba. Gari na wane sarki ne? Na wanda ake kai wa gaisuwa da haraji. Ƙauyen da ke tsakiya yakan kai wa wannan ya kuma kai wa wancan, don a bar shi ya yi noma.

Tawagar Tilho tana da tafinta, Landeroin, wanda ya zauna da sarakuna da dattawa yana rubuta jerin sarauta da labarin wanda ya ci wane da wanda ke bin wane. Abin da ya tara yana cikin rahoton tawagar, masana tarihin Gobir da Maradi da Damagaram suna amfani da shi har yanzu, shi da Tilho kuma sun fitar da ƙamus da nahawun Hausa bayan sun koma. Amma a tuna dalilin tambayar. Hujja ake tarawa don a ja gari zuwa wannan ɓangare ko wancan, dagacin da ake tambaya kuwa ba yaro ba ne. Ya ga Bature biyu, ya ji labarin abin da ya faru a Ƙonni, ya san wanda yake jin haushi cikin sarakunan da ke kansa. Ina ganin amsoshi da yawa an auna su kafin a furta.

Sakamakon shi ne a tsakiyar iyakar, tsakanin Katsina da Maradi da kuma tsakanin Kano da Damagaram, layin ya bi tsohuwar baraka gwargwado. A wasu wuraren kuwa ya yanka nama. Gobir ta rabu, Tsibiri a Faransi, Sabon Birni a Ingilishi. Tsohuwar ƙasar Daura ta rabu: Zango da Ɓaure suka zauna kudu, har Ingila ta ɗauko Malam Musa daga Zango ta mayar da gidan Haɓe kan gadon Daura, 'yan'uwansu na yankin Magarya kuwa suka zauna arewa. A yamma Arawan Dogon Dutsi da na Kangiwa, da Dandawan Gaya da na Kamba, kowa ya ga ɗan'uwansa a wata ƙasa. A gabas kogin Komadugu Yobe aka mayar iyaka, alhali mutanen gaɓarsa biyu dangi ɗaya ne, kogin ma shi ya tara su. Makiyayi kuwa, wanda damina ke kai shi arewa rani ya dawo da shi kudu, ba a ko sa shi cikin lissafi ba.

Bayan tawagar ta wuce

Abu biyu suka faru, suna jan juna ta fuska daban.

Na farko, turken ya samu ma'anar da masu kafa shi ba su nufa ba. Mulkin Faransa ya fi tsanani wajen aikin tilas da ɗaukar soja da haraji, aikin tilas ɗin ma sai a 1946 aka soke shi. Magidanci ya gane cewa in ya kwashi iyalinsa da dare ya wuce wancan ƙarfen, dakarun kumandan ba su da ikon bin sa. Ƙauyuka da dama a gefen Najeriya haka suka cika. In kuma abu ya yi zafi a kudu, hanyar nan dai ita ce ta komawa. Ɗan kasuwa shi ma ya gane nasa: farashin gyaɗa da atamfa da goro ba ɗaya ba ne a ɓangarorin biyu, kuma bambancin nan abinci ne. Illela da Ƙonni, Jibiya da Maradi, Kwangwalam da Ɗan Barto, Maigatari da Dungas, Kamba da Gaya, kowace kasuwa da abokiyar tagwaicinta a tsallake, iyakar ce ke ciyar da su.

Na biyu, dajin ya ƙare. Da hare-hare suka tsaya, mutane suka fito daga garuruwa masu ganuwa suka shiga sharar gona. Kufai ya sake zama gari, tunga ta zama ƙauye. Masu sara daga kudu da masu sara daga arewa suka yi ta matsowa har gatarinsu ya haɗu. Layin da aka ja cikin jejin da ba kowa, yau cikin gero da wake yake ratsawa, wani wurin ma ta tsakar gida.

Alamomin kuwa kowace ta bi halin abin da aka yi ta da shi. Na itace gara da gobarar daji sun gama da su tun da daɗewa. Bishiyoyin sun tsufa sun faɗi ko an sare. Tsibin duwatsu a ƙasar da dutse ke da wuya ba ya daɗewa a inda aka tara shi, akwai mai neman harsashin ɗaki, akwai mai neman murhu. Na ƙarfen su suka fi jurewa, shi ya sa a yankin Daura da Magarya in ana nufin alamar iyaka tangaraho ake cewa. Wanda ya je gindin irinsa ba zai ga wani abin kallo ba. Dogon bututu ne da tsatsa ta mayar ja, ya ɗan karkata, ƙasan da aka yi wa siminti ya tsattsage. Kunyoyin gero sun zo har gindinsa ta kowane gefe, mai garma ya kewaye shi kamar yadda zai kewaye kututture. Taku kaɗan daga nan za ka ga layin gamba ko aguwa da ya raba gonar wane da ta wane, kuma shi wannan layin kowa a ƙauyen ya san shi, ya san wanda ya dasa, ya san shekarar da aka yi shari'a a kansa gaban mai gari. Na tangarahon kuwa, a tambayi mutum uku ta ina ya bi bayan ya bar turken, a samu amsa uku.

Abin da alamomin suka hana

Duk da rauninsu, sun yi wani aiki da ya kamata a faɗa. Bayan samun 'yanci a 1960, da kuma ƙudurin Alƙahira na 1964 inda ƙasashen Afirka suka amince kowa ya riƙe iyakar da ya gada, Nijar ta je kotun duniya da ke Hague sau biyu kan iyaka. Da Benin, kan kogin Kwara da tsibirin Lete, aka yanke hukunci a 2005. Da Burkina Faso aka yanke a 2013. Waɗannan iyakoki biyu a da layukan cikin gida ne tsakanin yankunan Faransa, ba wanda ya ga dalilin ɓata kuɗi ya bi su da turaku ɗaya bayan ɗaya, sai takardun gwamna masu harshen damo. Najeriya ita ma ta sha shari'a da Kamaru har zuwa hukuncin 2002. Tsakanin Najeriya da Nijar kuwa ba a taɓa zuwa kotun ba. Zumunci yana ciki, hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Yamai ita ma tana ciki. Amma babban dalili a ganina shi ne rashin yarda da ke tsakanin Ingila da Faransa ya sa sun rubuta komai dalla-dalla, sun sa lamba, sun sa hannu. Gardamar da za ta taso ba ta wuce a ce ina ainihin gurbin alama ta kaza, wannan kuwa aikin mai awo ne, ba na soja ba.

Wahalar da mutanen iyaka suka sha ba daga turakun ta zo ba, daga manyan birane ta zo. Rufewar 1984 zuwa 1986 ta faɗo daidai da fari, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar shekarar suna El-Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai. Kowane karo babbar hanya ce ke mutuwa, hanyoyin cikin gonaki su rayu, ɗan acaɓa da mai amalanke su yi kasuwa, buhun da ke wucewa ta gaban kwastan ya koma wucewa ta gindin tangaraho.

Sake dasawa

Najeriya ta kafa hukumar kula da iyakoki ta ƙasa a 1987, Nijar ma tana da tata, Tarayyar Afirka kuma ta fito da shirin iyakoki a 2007 tana matsa wa ƙasashe su bayyana iyakokinsu a ƙasa. Ma'aikatan safiyo na ɓangarorin biyu sun shiga aikin neman gurbin tsoffin alamomin, su sake gina su da kankare, su kuma jera ƙananan ginshiƙai a tsakani don a toshe tazarar nan ta kilomitoci. Aikin yana da wuya fiye da yadda ake zato. Jadawalin ya ce alama tana kan hanyar gari kaza zuwa gari kaza, nisa kaza daga ƙauye kaza. Hanyar ta kauce ko ta mutu. Ƙauyen ya tashi ya koma kusa da kwalta da sunansa, ko kuwa ya girma har ba a san inda tsakiyarsa take a 1907 ba. Na'urar tauraron ɗan'adam tana ba da lamba daidai, amma ba ta san inda Tilho ya tsaya ba. Sau da yawa sai an koma wa dattijon da kakansa ya nuna masa inda ƙarfen yake kafin ya faɗi.

In an samu gurbi biyu aka ja miƙaƙƙen layi tsakaninsu, nan ake jin kuka. Gonar da mutum ya gada, yake biya wa haraji a wannan ƙasa tun zamanin jangali, sai a ce rabinta na waccan. Rijiya ko maƙabarta ko ajin makaranta da wata ƙaramar hukuma ta gina ya faɗa tsallake. Dole Kaina a jihar Kebbi sananne ne wajen wannan, gari ɗaya ƙasa biyu. Manomi Bahaushe ba ya wasa da zancen gusar da iyaka, ya ji hadisin da ya la'anci mai canza alamar ƙasa tun yana makarantar allo. Saboda haka in ya ga baƙi da mota sun dasa siminti a tsakiyar gonarsa, a idonsa su ne masu gusarwar, ko da takardar 1910 tana bayansu.

Ra'ayina shi ne a raba abu biyu da ake cakuɗawa. Ginshiƙi yana faɗin inda ikon gwamnati ya tsaya, ba ya faɗin mai gona. Kafin a zuba kankare a kowane yanki, ya kamata hakimai da masu garin ɓangarorin biyu su zauna a rubuta gonakin da layin zai ratsa da sunayen masu su, da burtalin da ya tsallaka, da rijiyoyin da ake sha tare, hukumomin biyu su sa hannu cewa ginshiƙin bai taɓa waɗannan haƙƙoƙi ba. A kuma rubuta abin da ke jikin ginshiƙin da Hausa, boko da ajami, da Barbarci ko Zabarmanci inda su ake ji, kada a maimaita farantin 1907.

Sashen gabas shi ya fi wuya. Can kogin Komadugu Yobe ne iyaka har bakin Chadi kusa da Bosso, kogi ne kuwa mai yawo cikin yashi, yana sauya kwari bayan babbar ambaliya, yana tsinkewa da rani, ruwansa kuma ya ragu tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa a can sama. Tafkin da aka auna bakinsa a zamanin Tilho ya ja baya nesa. Ga rikicin Boko Haram da ya addabi Malam Fatori tun 2014, Bosso da Diffa kuma tun 2015, wanda ba ya barin mai awo ya kafa na'urarsa ya yi kwanaki a gaɓa. Aikin kuma na gwamnati biyu ne, dole ma'aikatan Abuja da na Yamai su fita tare su sa hannu a takarda ɗaya, tun bayan juyin mulkin 2023 da ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025 kuwa, irin wannan fita ta yi wuya.